Yunwar Maƙwabci a Hawa na Sha Ɗaya

Aikin farko da na yi a wannan sana'a, kilishi na roƙi gwamnati, kuma da sunan mahaifina. Shekarata goma sha biyar a lokacin, muna zaune a unguwar Taman Melati da ke Kuala Lumpur, a wani dogon bene, hawa na sha ɗaya, korona ta kulle kowa a gida. Sai ga sanarwa ta shigo wayar Abba cewa wani ofishin gwamnati zai riƙa raba wa yaran yankinmu abinci a dogon hutun makaranta, kuma kafin a tsayar da ƙa'idojin rabon ana son jin ra'ayin jama'a. Ni da na ga an ambaci abinci, ban tsaya karanta sauran ba. Na rubuta da harshen Malay mai kyau cewa a matsayina na magidanci kuma ɗalibin digiri na uku, ina ba da shawara a sa kilishi, a sa kaza, a cire kifin gwangwani daga tunani gaba ɗaya. Na danna aika. Ba a yi minti biyu ba saƙon godiya ya faɗo wayar, da cikakken sunan Abba da duk abin da wai shi ya ce.

Abba bai dake ni ba. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ce tunda Allah ya ba ni baiwar yi wa gwamnati magana, daga gobe zan zauna a bakin ƙofa in riƙa rubuta wa mutanen hawanmu nasu ra'ayin, kyauta. Haka na shiga sana'a. Wasu gado suke yi, wasu sha'awa ke kai su, ni hukunci ne ya kai ni.

Ina faɗin wannan ne saboda ku yaran yanzu, 'yan shekara sha biyu zuwa sha uku da nake gani a ajin Hausa na ranar Asabar. Ɗayanku ya dube ni ya ce ai cika fom ne kawai. Yaro, kwana ashirin da ɗaya cur na yi a wannan aiki, har ranar da aka rufe shafin, kuma a duk faɗin Kuala Lumpur ban san Bahaushen da ya fi ni daɗewa a cikinsa ba. Dalili kuwa, ba wanda ya taɓa yin sa sai ni.

Kayan aikina huɗu ne. Akwai wayar Umma mai fasasshen gilashi, wadda ta sha jinin babban yatsana ya fi na sauro. Akwai caja da ba ta aiki sai an lanƙwasa wuyanta an ɗaure da roba. Akwai kujerar roba da nake ajiyewa a bakin ƙofa, sai kuma harshen Malay da na koya rabi a makaranta, rabi a filin ƙwallo. Manyanmu duk sun iya Turanci, wasu har ya yi musu yawa, amma jita-jita ta bazu a hawan cewa takardar da aka rubuta da Malay ita ake fara karantawa. Ban san wanda ya fara yaɗa wannan magana ba, amma ban ƙaryata ba, don ita ce ta ɗaga darajata.

Sai ku gane yanayin wurin aikin. Hawanmu ƙofa goma sha biyu ne, sun kewaye wani fili a tsakiya, in ka bi baranda ta dama za ka zagayo ka dawo inda ka fara. Takwas daga ƙofofin na 'yan Najeriya ne, Musulmi da Kirista, kowa da Hausa a bakinsa. Dokar lokacin ta ce a bar tazara tsakanin mutum da mutum, a kuma rufe baki da hanci da takunkumi. Wato mai kawo aiki zai tsaya can nesa, bakinsa a ɗaure, ya faɗa mini sirrin gidansa da ƙarfi, ƙofa bakwai suna saurare. Ku da kuke cewa aikin da sauƙi, ku gwada tambayar babban mutum halin tukunyarsa ta lasifika.

Malam Isiyaku ne ya koya mini aiki, ko da yake shi bai san ya koya ba. Bazazzagi ne, shekararsa takwas yana rubuta kundin digiri a kan magudanan ruwa, kuma babu ofishin da bai taɓa rubuta wa ƙorafi ba. Shi ne ya fara zuwa. Ya gyara tsayuwa ya ce in rubuta. Ya gaishe da shugaban ofishin, ya gaishe da mataimakinsa, ya tambayi lafiyar iyali da gajiyar aiki da yadda suke fama da wannan annoba, ya yi musu addu'ar Allah ya ƙara girma. Akwatin rubutun kuwa harafi ɗari biyar kacal yake ɗauka. Muna tsakiyar gaishe da masu gadi akwatin ya cika. Na ce Malam, sai mun rage gaisuwa. Ya ce takardar da babu gaisuwa kamar faɗa wa mutum gida ne babu sallama, shi ba a haka aka tarbiyyantar da shi ba. Haka muka aika, gaisuwa zalla, ba ra'ayi ko ɗaya.

Daga nan na koyi darasi na farko. Ka bar mutum ya yi gaisuwarsa har ta ishe shi, kana motsa yatsu a saman gilashi kamar kana rubutu, kana gyaɗa kai. Sai ka ji ya ce “bayan haka” sannan ka fara taɓa waya da gaske.

Darasi na biyu ya fi wuya, kuma a kansa komai ya rataya. Ƙa'idojin da aka shimfiɗa ba su da laifi. Sun ce duk yaron da ke zaune a yankin zai samu, ba a ware na baƙi ba. Shi kansa hutun abin dariya ne, don mun yi wata da watanni a gida, sai aka ce yanzu za a ba mu hutu daga zaman gida mu zauna a gida. Amma ƙa'ida ta huɗu ta ce ba za a sa sunan yaro ba sai uwa ko uba ya sa hannu cewa gidansa ba shi da isasshen abinci. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama da mutanenmu ba. Kowa na tambaya, amsa ɗaya ce: Alhamdulillahi, ko mun gode Allah, gwargwadon inda mutum yake ibada.

Alhali na san abin da ke faruwa. Da azahar hawan nan kan cika da ƙamshin soyayyar albasa, ka rantse biki ake a kowane gida. Albasar ce kaɗai. Ana soya rabinta a cikin cokalin mai don ƙamshi ya fita baranda, maƙwabta su san an ɗora tukunya. Ummata ma tana yi. Da, ita ke dafa wa ɗaliban jami'a abinci suna tapau, wato a ƙulle musu su tafi da shi, sai ɗaliban suka watse, aikin koyarwar da Abba ke taɓawa shi ma ya tsaya. Akwai ranar da na kama ta ta kunna injin markaɗe da ruwa zalla a ciki, har da jan tsaki wai tattasan ya ƙi laushi.

Aikin Maman Bitrus shi ne wanda ba zan manta ba. Ƙofarta ce ke dama da tamu. 'Yar Jos ce, kitso take yi a wani shago a unguwar Chow Kit, shagon ya rufe. Mijinta ya tafi gida jana'izar mahaifinsa, aka rufe iyaka yana can, ya bar ta da yara uku. Wata rana na leƙa ta ƙofa na ga ta raba ƙullin taliya ɗaya a kwano uku, ita kuma ta ce azumi take yi. Na san Kiristoci suna azumi, amma nata ya shiga sati na biyar, kuma ban ga alamar ranar shan ruwa ba. In akwai yaran da aka yi wannan rabo dominsu, to su ne.

Ta zo da safe da sabon ɗankwali, ta tsaya a tazararta.

“Muntari, rubuta musu mun gode Allah, ba mu rasa komai ba.”

Na ce, “Anti, in na rubuta haka ba za su sa sunan su Bitrus ba.”

“To kar su sa. Ni na ce maka muna jin yunwa?”

Ta dubi hagu ta dubi dama, ta rage murya iyakar yadda takunkumi ya bari, ta ce amma in ƙara musu da cewa akwai wani gida a hawan nan da ya kamata a duba. Maigidan karatu yake yi, matarsa da tana dafa abincin sayarwa, yanzu ba masu saye. Mutanen kirki ne, ba za su taɓa faɗa ba. Suna da wani yaro mai dogon baki, ya rame har kunnuwansa sun ƙara girma. Ina rubutawa ina tausayin yaron nan, sai da na kai kan kunnuwa na ɗaga hannu na taɓa nawa. Ta ce kar in kuskura uwata ta ji. Na rubuta yadda ta faɗa, na sa lambar ƙofarmu, kunnuwan kawai na cire.

Washegari Umma ta leƙo ta labule. Ba ta kiran sunana don ni ne ɗan fari, sai ta ce kai wannan, zo nan. Ta ce in rubuta cewa mu dai Alhamdulillahi, amma akwai wata baiwar Allah mai yara uku, mijinta ba ya nan, ta ga idonta ya faɗa. Ta ce in har maganar nan ta fita, sai ta yanke mini harshe ta soya da albasa.

A nan idona ya buɗe. Mutuminmu ba zai ce yana jin yunwa ba ko za a hura masa wuta, amma tambaye shi halin maƙwabcinsa, sai cajinka ya ƙare bai gama ba. Na canza salo. Duk wanda ya zo, in bar shi ya gama godiyar Allah, sai in ce to ya mutanen kusa da ku? Cikin sati biyu na aika ra'ayi takwas daga gida takwas. Malam Isiyaku ma ya dawo ya sake nasa da lambar wayar matarsa. Kowanne cewa yake mu lafiya lau, amma ku taimaki na kusa da mu. Na riƙa tafiya a baranda da sirrin gida takwas a cikina, kowa na gaishe ni da ladabi. Ban taɓa samun girma irin na lokacin ba, kuma da wuya in sake samu.

Kowace sana'a tana da mummunar shekararta. Tawa ranar Alhamis ce. Saƙo ya zo tun Laraba cewa wata jami'a za ta zo hawanmu ta ga wannan maƙwabci da kowa ke magana a kansa. Da jin baƙuwa za ta zo, kuma daga gwamnati, hawan nan ya rikice kamar za a yi suna. Aka wanke baranda. A karon farko cikin wata biyu, abin da ke ƙamshi ba albasa kaɗai ba ce.

Ta iso da hantsi, tana haki, don lif, na'urar hawa bene, ya lalace a ranar. Mace ce mai kimanin shekarun Umma, da takunkumi da gilashin rufe fuska da fayil a hammata. Puan muke ce mata, yadda ake kiran babbar mace a nan. Aka ce ni ne tafinta. Muka fara da ƙofar Malam Isiyaku. Ya ce su kam ba abin da za su ce sai godiya, ta gwada ƙofa ta gaba. Kuma tunda ba za ta iya cire takunkumi ta ci ba, ya miƙo mata ledar dabino da rabin kwalbar zuma. Ta ce a'a, ya ce ai ba a zuwa gidansa a fita hannu biyu. A ƙofa ta gaba, gidan wasu 'yan Kafanchan, aka ce lafiya ƙalau, ta duba na gaba, aka ba ta soyayyar gyaɗa. Haka muka yi ta tafiya. Umma ta ba ta tuwon shinkafa da dafaffen ƙwai huɗu, kuma na san ƙwan nan ɗaya bayan ɗaya, don sati guda ina kallonsu a firji muna gaisawa. Maman Bitrus ta fito da kular gwaten acca mai zafi, accar da ta ɓoye tun bara don Kirsimeti, tana murmushi tana cewa a gaishe da mutanen ofis. Yaranta uku suna tsaye a bayanta, idonsu a kan kular.

Da muka gama zagaye, sai ga mu a ƙofar Malam Isiyaku. Ya leƙo ya ce a'a, har an dawo? Ya juya zai nemo wani abin kuma. Puan ta ja ni muka gudu matattakala.

Ta zauna a kan matakala, leda bakwai da kula ɗaya a gabanta, ta buɗe fayil ta fara rubutu. Ɗaya daga cikin ƙwarewar sana'armu ita ce karanta rubutu daga kife. Na ga tana rubuta cewa ta ziyarci hawan, ta tarar da wadatar abinci, babu buƙata. A nan na san in ta sa hannu a ƙasan takardar nan, an gama da su Bitrus, kuma accar Kirsimeti ma ta tafi.

Na ce, “Puan, abin da ke cikin ledojin nan shi ne abincin hawan nan gaba ɗaya. Kin kwashe shi.”

Ta yi dariya, don fuskata irin wadda ba a yarda da ita ce ko gaskiya nake faɗa. Sai na karya dokar sana'a. Na ce ta fito da takardun nan takwas ta jera su a kan matakala. Na nuna mata lambar ƙofar wanda ya rubuta kowacce, da lambar ƙofar da yake nuni da ita. Wannan ya nuna wancan, wancan ya nuna na gabansa, wasu biyu sun nuna juna. Babu ƙofar da ba a nuna ba. Ta bi su da bakin alƙalami har sau biyu, ta daina dariya.

Ta ce, “To me ya hana su faɗa?”

“Ba a faɗa.”

“Ko da yara na jin yunwa?”

“Lokacin ne ma ba a faɗa.”

Ta daɗe tana kallon kular gwaten. Ta ce kakarta a ƙauye haka take, in shinkafa ta ƙare sai ta share tsakar gida sau uku don kar a ga tana zaune. Sannan ta tambaye ni, in aka ce maƙwabci ya sa wa maƙwabci hannu, za su yarda? Na ce boleh lah, wato me zai hana, har layi za su yi. Ta soke abin da ta rubuta, ta juya takardar ta fara sabo.

Da ta tashi ta ce in taimaka mata mu mayar wa kowa abincinsa. Na ce in tana son jikokin hawan nan su tashi da labarin matar da ta raina girkin iyayensu, to bismillah. Dole ta sauka da shi hawa goma sha ɗaya. Na riƙe mata leda huɗu, kuma tsakanin hawa na bakwai da na shida ƙwai ɗaya ya ɓace. Shi ne kaɗai ladan da na ci a duk tsawon aikina, ba na kuma jin kunyarsa.

Bayan kwana huɗu aka rufe shafin jin ra'ayi, na yi ritaya. Na mayar da kujerar roba banɗaki inda aka aro ta. Muka shiga jira, muka koma albasa, kuma wannan karon har ita ana yanka ta kashi huɗu.

Da ƙa'idojin suka fito, ta huɗu tana nan yadda take, amma an ƙara layi ɗaya a ƙarƙashinta: maƙwabci baligi yana iya sa hannu a madadin iyaye, kuma yana iya karɓo wa yaro kasonsa. Ba zan rantse cewa saboda mu aka ƙara ba, ƙila akwai wasu hawa irin namu a unguwar Sentul ko wani wuri. Abin da na sani, ranar da aka buɗe rajista a zauren da ke ƙasan gininmu, mutanen hawa na sha ɗaya ne farkon layi, kowa da tazararsa, kowa na kare takardarsa da hannu kada na baya ya ga sunan da ke ciki.

Rabon duk Talata ake yi. Kwali ne mai shinkafa da ƙwai da madara da mai da kifin gwangwani. Umma ke karɓo na su Bitrus, ta lallaɓa ta ajiye a ƙofarsu, ta ƙwanƙwasa, ta ruga gida da ciwon gwiwarta. Mu kuma sai mu ji an buga tamu, mu buɗe mu ga kwali ba kowa, sai ƙarar silifas. A Talata ta uku Umma da Maman Bitrus suka yi kiciɓis a baranda, kowacce da kwali a ka. Umma ta ce Maman Bitrus, ina kwana, ya yara? Ta ce lafiya lau Hajiya, ya gajiya? Suka wuce juna, kowacce ta sauke a ƙofar 'yar'uwarta, suka juyo, suka sake gaisawa, kowacce ta shiga gidanta ta ja kwalin ciki.

Sati shida aka yi ana rabon, har aka koma makaranta. Yaran Maman Bitrus sun samu duka shidan, ita kuma azuminta ya ƙare tun Talatar farko. Har yau tana dama da mu, kuma ita da Umma ba su taɓa tayar da maganar ba.